Sau Biyu Na Zaɓi Faifan Farko

Litinin, 3 ga wata, 9:40 na safe

Yau kwanan Baba goma sha ɗaya a asibiti. Likita ya ce in ba wani abu ya taso ba, nan da mako biyu za a sallame shi. Hannun dama ba zai dawo yadda yake ba, aƙalla ba yanzu ba. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Jiya ya yi ta danna iska da yatsun hagu kamar mai buga rubutu. Mama ta ce, "Kwamfutarsa yake nufi. Ko a gadon asibiti littafin nan bai sake shi ba." Shekara tara yana rubuta shi, tun da ya bar koyarwa: littafin lissafi na yaran firamare, da Hausa, babi goma sha ɗaya. Gabatarwa kaɗai ta rage.

Akwai wata babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, ta kyauta, masu sa kai ne ke rubuta ta kuma kowa na iya ganin cikinta. Sabuwar sigarta tana da tsarin madannai na mai hannu ɗaya, har ƙ da ɗ da ɓ ba sai an haɗa maɓalli biyu ba. Sai dai ba ta fito ba, sai nan da mako shida. Wadda ake samu yanzu sigar gwaji ce, kuma sun rubuta da ja cewa kada a ɗora ta a kan kwamfutar da ake aiki da ita. Na karanta gargaɗin sau biyu. Na karanta jerin matsalolin da aka sani, talatin da huɗu, babu wadda ta shafi irin kwamfutar Baba.

Ina so ya dawo gida ya tarar da abu ɗaya da zai iya yi da kansa.

Talata, 4 ga wata, 5:15 na yamma

Na kwafe komai a faifan waje, wanda na yi aikin kammala karatuna da shi. Girmansa ɗaya da faifan cikin kwamfutar, giga ɗari biyar. Fayil 2,146 a ciki, fayil 2,146 a waje. Na duba sau biyu. Na buɗe babi goma sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya, duk sun buɗu.

Baba ba ya goge abu. Duk ranar da ya taɓa babi sai ya ajiye shi a sabon fayil, ya rubuta kwanan wata a jikin sunan da hannunsa, domin agogon kwamfutar ya mutu tun ina sakandare, kullum aka kunna ta rana ɗaya take nunawa. Babi na huɗu kaɗai yana da kwafi talatin da takwas.

Yaya ya shigo daga garejinsu ya same ni a teburin Baba da wayoyi baje. Ya ce, "A'a, Injiniya! Wata huɗu da karɓo digiri ba wanda ya ɗauke ki aiki, yau dai kwamfutar tsoho ta shiga hannu. Allah ya ba ta lafiya." Na ce masa akwai kwafi. Ya ce, "Ni dai in na kwance inji, nakan jera kusoshi a faranti. Ke ina farantinki?" Na nuna masa faifan. Ya ɗaga hular da babu ita a kansa ya fita.

Laraba, 5 ga wata, 1:10 na rana

An gama.

Na fara ɗora sigar gwajin 10:15. Da ƙarfe 10:52 ya tsaya a kashi 62 cikin ɗari, ko kibiya ba ta motsi. Na jira minti talatin da takwas, na kashe, na sake tayarwa daga filashar da manhajar ke ciki. Karo na biyu ya tafi sumul, ya gama 12:20.

Abubuwan da ba sa aiki: ba ta ganin intanet ɗin gida, ba sauti, allon yana ƙiftawa in an rage haske. Abin da ke aiki: madannan. Na sa hannun dama a bayana na rubuta "ƙididdiga" da hagu, ba kuskure ko ɗaya. Har na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Saura in dawo da fayilolin. Sai na ci abinci.

Laraba, 3:05 na yamma

Na buɗe faifan waje.

Laraba, 3:40 na yamma

Na gwada shi a kwamfutata. Haka ɗin dai.

Alhamis, 6 ga wata, 6:00 na yamma

Ban je asibiti ba. Na ce wa Mama kaina ke ciwo, kuma yana ciwon.

Na gyara intanet ɗin. Na jona wayata da igiya na sauko da abin da katin intanet ɗin kwamfutar yake buƙata, da sabuntawa guda ɗari biyu da goma sha bakwai. Sauti ma ya dawo. Allon har yanzu yana ƙiftawa. Wuni guda na yi a kan wannan, kuma ban tsaya ko sau ɗaya ba, don na san abin da ke jirana in na tsaya.

Na share teburin Baba. Tabarau ɗinsa na gida yana kan ƙamus inda ya bar shi.

Juma'a, 7 ga wata, 8:30 na safe

Zan rubuta shi sau ɗaya, daidai yadda ya faru.

Ban cire faifan waje ba kafin in fara. Na bar shi a jone ne don ya kasance kusa, da an gama in kwafe. Da manhajar ta tambaya wane faifai za a goge, ta nuna biyu, duka giga ɗari biyar, wajen sunayensu fari fat. Na ɗauka na farko shi ne na ciki, domin a duk kwamfutar da na taɓa haka yake. Na zaɓi na farko. Ashe na waje ne. A kansa ta yi rubutu har kashi 62 ta tsaya.

Da na sake tayarwa, jerin ya juya. Na sake zaɓar na farko. Wannan karon na ciki ne.

Na duba adadin fayiloli sau biyu. Ban duba wannan ko sau ɗaya ba.

Asabar, 8 ga wata, 7:20 na yamma

Na je. An mai da Baba gadon da ke kusa da taga. Yana iya riƙe kofi da hagu. Magana tana fitowa, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya.

Ya ce, "Auta. Kwam... futa?"

Na ce, "Tana nan lafiya, Baba. Har ta fi da sauri."

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

Ban yi ƙarya ba. Kwamfutar ya tambaya.

Lahadi, 9 ga wata, 2:00 na rana

Ban yi ƙarya ba.

Litinin, 10 ga wata, 4:45 na yamma

Na kai kwamfutar da faifan waje duka biyun wajen Mai Tabarau, dattijon da ke gyaran kwamfuta a bene na biyu, saman masu sayar da caja. Shagonsa ba ya ɗaukar mutum uku. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce, "'Yata, tun da abin ya faru kin kashe ta kin ajiye, ko?"

Na ce na yi sabuntawa ranar Alhamis.

"Nawa?"

"Ɗari biyu da goma sha bakwai."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce gogewa ba ta kashe fayil, sunansa kawai take cirewa daga rajista, shi yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Na san wannan. Na amsa shi a jarrabawa a shekara ta biyu, na ci maki tara cikin goma. Duk abin da na sauko da shi ranar Alhamis a kan wani abu na Baba ya sauka.

Ya ce, "Ku masu takarda kun fi ba ni wahala. Wanda bai sani ba in ya yi ɓarna sai ya tsorata ya kawo min da zafinta. Ku sai kun gyara tukuna." Da ya ga fuskata sai ya turo min kujerarsa, shi ya zauna a kan akwatin tsohuwar firinta. Ya ce in ba shi kwana uku, kuma kada in yi masa waya kowace awa.

Talata, 11 ga wata, 11:00 na safe

Na rubuta rahoton matsalar a dandalin masu manhajar: irin kwamfutar, lambar sigar, matakai bakwai da za a bi a ga abin da na gani. Ban sa maganar littafi ba.

Wani mai kiran kansa Mujiya ya amsa cikin minti arba'in. Ya ce ya gwada, haka ne, in faifai biyu sun zo girma ɗaya sunayen ba sa fitowa, kuma jerin yana iya juyawa. Ya ce rahoton ya yi tsaf, da kowa haka yake rubutawa da sun huta. Ya tambaya, "Ina fata dai ba ki rasa wani abu ba?"

Matsala ta talatin da biyar ke nan a jerin. Tawa ce. Ban amsa tambayarsa ba.

Laraba, 12 ga wata, 9:05 na safe

Na yi wa Mai Tabarau waya sau huɗu.

Alhamis, 13 ga wata, 5:30 na yamma

Ya ciro fayilolin rubutu 1,409 daga faifan biyu, bayan an cire masu maimaici. A shagon na fara buɗewa, na ga "Babi na Biyu: Tarawa", sai na ce alhamdulillahi da ƙarfi. Mai Tabarau ya ce, "Kada ki yi murna tukuna, dubi sunayen."

Ba sunaye. Lambobi ne, 0001 zuwa 1409, ba bisa tsari ba. Kwanan watan da ke cikin kowane fayil iri ɗaya ne, ranar da mataccen agogon nan ke nunawa. Abin da kaɗai ke faɗin wanne ne na ƙarshe shi ne sunan da Baba ya rubuta da hannunsa.

Asabar, 15 ga wata, 6:40 na yamma

Kwana biyu ina ware su. Babi na ɗaya, kwafi 22. Na huɗu, 31 cikin 38. Na bakwai, 40. Wasu na san tsofaffi ne, sun fi gajarta. Amma Baba yakan rage kamar yadda yakan ƙara, mafi tsawo ba lalle shi ne na ƙarshe ba. A babi na uku kwafi biyar ne suka bambanta da jimla ɗaya tak: a ɗaya yarinya ta raba lemo, a wani fensir, a wani an cire yarinyar. Ranar Talatar da na buɗe su dubawa kawai na yi ko sun buɗu. Ban karanta ba.

Babi na tara, na rabi da kwata, babu ko ɗaya. Na nemi kalmar "kwata" a cikin dukkan 1,409. Sau shida ta fito, duk a jerin babuka na farkon littafi.

Yaya ya shigo ya ga takardun da na liƙa a bango. Ya karanta, ya dube ni. Bai ce Injiniya ba.

"Nawa ya tafi?"

Na faɗa masa.

Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon baƙin mai da ke ƙarƙashin farcensa. Ya ce, "Ki zaɓi masu kyau ki jera masa, ki sa musu suna irin nasa. Na taran ki ce kwamfuta ce ta cinye. Mutumin nan bai warke ba, Auta. Kina so ki mai da shi asibiti?"

Na ce zai gane.

Ya ce, "Ba zai gane ba." Yadda ya faɗa ɗin ban so ba. Na tambaye shi me yake nufi, ya ce shi wanka zai yi.

Litinin, 17 ga wata, 3:15 na yamma

Na jera babi goma na sa musu suna irin nasa. Na goge sunayen. Na sake sawa. Na sake gogewa.

An fitar da gyaran matsala ta 35 yau. Sun sa sunana a jerin waɗanda ake gode wa.

Talata, 18 ga wata, 8:00 na safe

Yau ne.

Talata, 5:50 na yamma

Ya dawo. Yaya ya cire dokin ƙofar ɗaki don kada ya yi tuntuɓe. Da Baba ya zauna, teburin ya fara kallo. Mama ta ce, "Malam, ba yau ba. Likita ya ce hutu." Ya ce, "Likita... ba... ya nan." Muka yi dariya, ni ma na yi.

Alhamis, 20 ga wata, 1:30 na rana

Ya tambayi kwamfutar sau uku. Sau biyu na ce babu caji. Na uku na ce allon yana ƙiftawa, zai dame shi a ido. Allon yana ƙiftawa.

Juma'a, 21 ga wata, 11:25 na safe

Na faɗa masa.

Na durƙusa a gaban kujerarsa na fara daga ranar Litinin 3 ga wata, ban tsallake komai ba: gargaɗin ja, faifan da ban cire ba, kashi 62, sabuntawar Alhamis, ranar da na ce masa tana nan lafiya. Mama tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ta ce, "Innalillahi. Auta, ke da ko ƙofa sai kin taɓa sau biyu?"

Gefen fuskar Baba da ke motsi ma bai motsa ba. Na ce babi goma suna nan, shi kaɗai zai iya nuna na ƙarshe a kowanne. Ya juya kai wajen bango. Bayan kamar minti biyar ya ce, "Fita."

Asabar, 22 ga wata, 9:00 na safe

Mama ce ta kai masa shayi. Ta dawo da kofin rabi.

Lahadi, 23 ga wata, 4:20 na yamma

Shi ya aiko Mama ta kira ni, da kwamfutar.

Na ce mu fara da mai sauƙi. A babi na bakwai akwai kwafi biyu iri ɗaya, sai a misali guda: ɗaya ya ce 48 a raba gida 6 ya ba da 7, ɗaya ya ce 8. Kuskuren bugu ne da ya gyara daga baya, ko ni na san amsar. So nake kawai ya fara da nasara. Na jera su gefe da gefe na ƙara girman rubutu.

Ya sa tabarau. Ya duba hagu, ya duba dama. Ya ɗaga yatsa ya nufi na bakwai ɗin, ya janye. Na ƙirga numfashinsa, goma sha ɗaya.

Ya ce, "Wanne... ne... takwas?"

Na waiwaya wajen Mama. Ba ta yi mamaki ba. Ta sunkuyar da kai tana gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi. Yaya ma ashe ya san Baba ya daina gane lambobi. Ni kaɗai aka ɓoye wa, wai don kada hankalina ya tashi.

Na nuna masa da yatsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya cire tabarau ya ɗora a cinya.

Shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Litinin, 24 ga wata, 12:40 na rana

Da safe ya ce, "Karanta... min."

Na karanta masa kwafi biyar ɗin nan na babi na uku da ƙarfi, shi idonsa a rufe. A na fensir ya girgiza kai. A wanda aka cire yarinyar ya yi tsaki, tsakinsa na da, cikakke. Da na zo na lemo ya buga hannun kujera: "Ni... ne." Fayil 0871.

Kunnensa ya san jimlolinsa. Lambobin in na karanto sai ya ɗaga min hannu, wato ni ya bar wa su. Mun gama babi na uku cikin awa biyu da minti goma, sannan ya gaji. Saura tara a ware. In muka tafi haka, wata guda.

Ban tabbata 0871 ne na ƙarshe ba. Ba yadda za a yi in tabbatar. Na rubuta masa suna.

Laraba, 26 ga wata, 10:30 na safe

Jiya ya tambayi na tara. Na ce babu, Baba, ko layi ɗaya. Na ce in ya tuna ya riƙa faɗa ina bugawa, ko kalma biyar a rana.

Ya taɓa goshinsa da yatsa. Ya ce, "Nan ma... babu."

Mama ta fita daga ɗakin.

Ya kamo hannuna da hagu, ya matse har ya yi zafi. "Ke... na... koya wa. Rubuta."

Na ce ni ce na lalata shi. Ya ce, "Na... sani." Bai saki hannun ba.

Laraba, 4:35 na yamma

Tun safe layi uku na rubuta. Na fara da burodi ɗaya da yara biyu, kamar yadda ya yi min ina aji uku, a wannan teburin, da wuƙar Mama. Ƙarfe huɗu na karanta masa.

Ya sa na maimaita. Ya rufe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi.

Sannan ya ce, "Na biyu... ya yi... tsawo. Yaro... zai gaji."

Na ƙirga. Kalma ashirin da uku ne. Ina ragewa.